Ciwon Gwiwa Da Sallar Mai Kujera

Salloli biyar na farilla raka'a 17 ne, kowace raka'a kuwa tana da sujada biyu, watau Musulmi yana yin sujada sau 34 a yini da dare, ban da nafiloli. Mai lafiya ba ya kula da wannan lissafi, sai ran da gwiwa ta sami matsala. Ni ina cikin waɗanda suka iya lissafin, shi ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana fatake da ma'aikatan gwamnati bayani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A shekarar 2012 na faɗi da babur, gwiwata ta dama ta murɗe. Ƙashi bai karye ba, saboda haka maɗori bai sami abin ɗorawa ba. Hoton asibiti ne ya nuna cewa wata jijiya ce ta tsinke a tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce mai riƙe ƙashin ƙwauri don kada ya zame gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya. Wannan jijiya ba ta cika haɗewa da kanta ba. Sai likita ya yanko wani ɓangare na jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙasusuwan nan biyu, ya zura ta, ya kafe ta da kusoshi. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, gwiwa ta daina gocewa, na koma ofis. Amma fa ciwo bai yi sallama da ni ba har yau, musamman da asuba lokacin hunturu, da kuma duk sa'ad da na durƙusa.

Dalilin wannan sananne ne wajen likitocin ƙashi. Wurin da aka yanko jijiyar shi ne daidai inda mai sujada ke ɗora nauyinsa, don haka waɗanda aka yi wa irin wannan aiki sun fi saura kuka da zafin durƙuso. Har wa yau, raunin farko yakan taɓa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, ya riƙa zaizayewa a hankali. Wasu likitocin ƙasar Suwidin sun bayyana a 2007 cewa bayan shekara 10 zuwa 20 da irin wannan rauni, kusan rabin masu shi sukan kamu da amosanin gaɓa. Ga shi kuwa tafiya ba ta bukatar lanƙwasa gwiwa fiye da digiri 60 ko kusa da haka, alhali zaman tahiya yana neman wajen 150. Shi ya sa za ka ga mutum yana zirga-zirga a kasuwa garau, amma zama tsakanin sujada biyu ya gagare shi.

To, a nan ne jarrabawar take. Ranar da na fara shiga sahu da kujera, na ji nauyin idon jama'a ya fi mini ciwon. Dattijo mai shekara 70 yana sujada a gefena, ni da ko furfura ban yi ba ina bisa kujera. Na san mutum biyu da wannan kunya ta cutar. Ɗaya ɗan kasuwa ne, ya daina zuwa jam'i sam, yana salla a bayan shago. Ɗayan kuwa ya riƙa cije leɓe yana durƙusawa har gwiwar ta kumbura, ya yi makonni a kwance.

Alhali kuwa shari'a ta riga ta yanke wannan magana. Buhari ya ruwaito cewa sahabin nan Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umurce shi da ya yi salla a tsaye, in ya kasa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Shi kansa Manzon Allah ya taɓa faɗowa daga kan doki, gefensa na dama ya ƙuje, ya yi salla a zaune. Kana ya zo a hadisin Abu Musa cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Ashe ke nan babu abin kunya ga wanda ya karɓi rangwamen Ubangijinsa.

Sai dai rangwame yana da iyaka, kuma nan ne da yawa daga masu kujera ke yin sakaci. Wanda ya karanta Ahalari ya san cewa an jera wa sallar farilla halaye bakwai bi da bi, na farkonsu tsayuwa ba tare da jingina ba, kuma ba a barin tsayuwa a koma zama sai an kasa. Mafi yawan masu ciwon gwiwa irina suna iya tsayuwa, suna iya ruku'u, sujada ce kawai ta fi ƙarfinsu. Irin wannan wajibi ne ya yi kabbarar harama da karatun Fatiha a tsaye, ya yi ruku'unsa cikakke, sa'an nan ya zauna ya yi nuni ga sujada. Wanda ya kasa duka biyun kuwa sai ya sa nunin sujada ya fi na ruku'u sunkuyawa. Wanda ya shigo masallaci da ƙafarsa, ya zauna tun daga kabbara har sallama alhali yana iya tsayuwa, to, ya je ya tambayi malami game da sallarsa.

Ita ma gwiwar amana ce. Abin da ya fi taimaka mini shi ne motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mini don ƙarfafa tsokar cinya, domin ita ke rage wa gaɓar wahala. Rage ƙiba ma magani ne, tun da an auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya zubar yana sauke wa gwiwa wajen kilo huɗu a kowane taku. Mu kuwa ma'aikata da masu shago zama ya yi mana yawa. A yi hattara da ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ana sha kamar gyaɗa, domin yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda. In gwiwa ta kumbura da zafi da zazzaɓi, ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa, ko ta koma gocewa, sai a garzaya wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Daga ƙarshe ina kira ga kwamitocin masallatai da attajiranmu da su tanadi 'yan kujeru a ƙarshen sahu, da dakali mai ɗan tudu a wurin alwala, gama tsuguno azaba ne ga mai wannan lalura. Limamai kuma su riƙa karantar da hukuncin sallar majinyaci. Kai kuwa mai lafiya, in ka ga saurayi bisa kujera, ka kyautata masa zato, domin ba ka san tabon da ke ƙarƙashin wandonsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi ibadunmu, amin. Wassalam.