Malmalar Inna da Littafin Awona

Shekara uku ke nan da likita ya dubi takardar gwajina ya ce ina da ciwon suga. Abin da aka samu a jinina da safe, kafin in karya kumallo, 168 ne, alhali wanda gwaji biyu suka nuna ya kai 126 ya shiga sahun masu ciwon. Na ce masa ai ni ba na shan zaƙi. Ya tambaye ni abin da na ci da daddare. Na ce tuwon masara, malmala uku.

Ranar na koyi abin da digirin digirgir bai koya mini ba. Sitacin da ke cikin masara, dawa, gero, shinkafa da rogo, idan ya narke a ciki, suga yake zama a jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da shi sassan jiki, kuma nawa ya daina aiki yadda ya kamata. A giram 100 na garin masara akwai sitaci fiye da giram 70, cokalin shayi na suga kuwa giram 4 ne. Ashe ina gudun cokali biyu a shayi, ina haɗiye fiye da cokali 17 da miyar kuka.

Wannan magana ta yi mini nauyi, domin ni ɗan Mairuwa ne, a ƙaramar hukumar Faskari, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Masarar da mahaifina yake kaiwa kasuwar Ɗandume ita ta biya mini kuɗin makaranta. Ta yaya mutum zai juya wa abin da ya rene shi baya?

Likitan bai ce in bar tuwo ba, ya ce in riƙa lissafi. Masana sun ɗauki giram 15 na sitaci a matsayin awo ɗaya, sai dai jadawalin da na samu na mutanen Amurka ne: yankan burodi, taliya, tuffa. Babu malmala, babu ludayin koko, babu curin fura. Sai na sayi ƙaramin sikeli da littafi. Uwargidana takan auna gari kafin ta tuƙa, ni kuma in gwada jini awa biyu bayan cin abinci, ina neman kada ya wuce 180. Cikin wata uku littafin ya faɗa mini gaskiya. Koko mai suga ya fi kowane abu ɗaga mini adadi. Wake da alala suna tafiya da ni a hankali. Acca da alkama, waɗanda ake tallata su kamar magani, idan na cika ciki da su, sakamakon bai bambanta da na masara sosai ba. Tattaki bayan sallar isha'i yana sauko da adadin. Maganin asibiti kuma ban taɓa ajiye shi ba.

Babbar jarrabawar sai da na je gida hutun sallah ta zo, domin na ɓoye wa mahaifiyata ciwon. Ta aiko da malmala uku, na ci ɗaya na rufe kwano. Ta ce, "Malam, tuwon nawa ne ya daina daɗi, ko bokon ne ya kai ka nan?"

Na ce, "Inna, a gafarce ni, ba ni da lafiya ne." Na fito da na'urar, na huda yatsa a gabanta, na yi mata bayani. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta tuna da ƙanenta da ya yi ta ramewa, yana yawan ƙishirwa da fitsari, har gyambo ya ci ƙafarsa, ana cewa sammu ne.

Washegari kwano ya zo da malmala ɗaya, miyar kuɓewa cike da tasa, ga kwaɗon zogale a gefe. Ta ce, "Daga yau wannan ne mudunka."

Ya mai karatu, idan ka haura shekara 40, je ka gwada jininka ko da kana jin ƙarfi, domin wannan ciwo yakan daɗe a jiki bai yi sallama ba. Idan an same shi, tambayi likita awon da ya dace da kai, ka rubuta shi da ludayi da malmalar gidanku, sa'annan ka sanar da mai tuƙa maka tuwo tun kafin ranta ya ɓaci.