Yadda Muka Gyara Ajin Sabon Malam

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wanda kowa ke kira UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin Nijeriya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Mu a Kanya Babba, lokacin muna cikin Jihar Kano, don Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta, abin da muka gani shi ne iyaye na ta jawo yara da hannu, babu isassun ajujuwa, babu isassun malamai.

Ina babban aji a shekarar. Hedimasta ya tara mu ya ce an turo sabon malami, zai iso ranar Litinin, kuma ba zai yarda baƙo ya tarar da ƙazanta ba. Ɗakin da aka ware masa ginin ƙasa ne mai rufin kwano, damina ta gama cinsa. Ciyawa ta kai gwiwa a bakin ƙofa, awaki sun mayar da shi makwanci, zanzaro ya yi gini a kowace kusurwa, gara kuma ta cinye ƙafafun benci. Maza muka ɗauko fartanya da lauje daga gida, 'yan mata suka zo da tsintsiya da tulu. Ramukan ƙasan ɗakin kuwa sun fi ƙarfinmu. Iyayenmu mata ne suka fito da madaɓi, suka zuba tsakuwa, suka yi daɓe suna waƙa, suka yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi santsi yana ƙyalli. Mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba, wasu ma suna shakkar boko, amma sun ce 'ya'yansu ne za su zauna a wurin.

Allo shi ne aikina, kuma har yau ina alfahari da shi. Siminti ne aka shafa a bango, ya koɗe ya yi fari-fari, alli ba ya fita a kansa. Muka bi gidajen masu rediyo da tocila muna roƙon matattun batura, muka fasa su muka kwashe baƙin garin ciki, muka haɗa da gawayin da aka daka lukui. Sirrin yana ga ƙaro. In ba ka jiƙa ƙaro ka zuba ba, baƙin zai bi rigar malam da hannunsa. In ka cika shi kuma, allon ya yi sulɓi, alli ya riƙa zamewa. Da tsumma ake shafawa, a bari ya bushe, a sake. Hannuwanmu sun daɗe kafin baƙin ya fita.

Sauran kayan ba su da yawa. Hedimasta ya ba da teburi da kujera daga ofishinsa, da rajista, da kwalin alli, da littafin Ka Koyi Karatu. Aka ɗinka tsumma a matsayin abin goge allo, aka girke randa da moɗa a inuwa, aka shimfiɗa tabarmin kaba ga waɗanda benci bai kai kansu ba. Hedimasta da kansa ya tantance yaran: ka ɗora hannu bisa kai, in ka taɓo kunnen ɗaya gefen ka isa shiga. Mai unguwa ya ba da ɗaki a soronsa, ya kuma ce akushin tuwon malam yana wuyansa.

Da sabon malamin ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe, sai muka ga saurayi ne, bai girme mu da yawa ba. Haka malaman UPE da dama suke, horon gaggawa aka yi musu. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana duban ajin.

"Su wa suka yi wannan aiki?"

"Mu ne, Malam."

"Allah ya yi muku albarka."

Ya ɗauki alli ya rubuta kwanan wata, farin ya fito tas. Yara na kuka, wasu na neman hanyar gudu, muryarsa na rawa, amma bai karaya ba. Na yi imani abin da ya tarar ne ya tsayar da zuciyarsa, don ya gane garin yana sonsa tun kafin ya buɗe baki.

Yanzu ma ana tura sababbin malamai ƙauyukan Ɓaɓura da Roni da Gwiwa da Kazaure. Hedimastoci da kwamitocin iyaye, don Allah in takardar turo malami ta iso, ku tara yara da mutanen gari a share ajinsa, a gyara allo, a sama masa masauki tun bai zo ba.