Tsawa A Kan Mumbari

Akwai wata dattijuwa a wata ƙaramar majami'a da ke bayan garin Kafancan, wadda ba ta fita sujada ran Lahadi sai da ƙullin auduga a bakin zanenta. Ba ta taɓa ta sa'ad da ake waƙa, ko sa'ad da ake karanta Littafi Mai Tsarki. Amma da zarar matashin faston da aka kawo musu ya hau mumbari, sai ta sunkuya kamar mai addu'a, ta toshe kunnuwanta. Masu sujada a wurin ba su kai sittin ba, ɗakin kuwa ko raɗa aka yi a gaba na baya zai ji, amma duk da haka lasifika huɗu aka rataya, rufin kwano yana amsa musu. In jikokinta suka tambaye ta abin da aka yi wa'azi a kansa, sai ta ce, "An dai yi mana faɗa."

Faston nan ba mugun mutum ba ne, yana kuma da hujjarsa. Ya tashi ya tarar ana cewa wa'azin da ba a yi gumi a cikinsa ba, ba shi da ikon Ruhu Mai Tsarki, kuma ya san Annabi Ishaya an umarce shi ya ɗaga murya kamar ƙaho. Gaskiya ne kuwa manyan masu wa'azi na da sun yi suna da ƙarfin murya. George Whitefield, Baturen Ingila, ya fara wa'azi a birnin Filadelfiya na Amurka a cikin 1739, a fili yake yi, har Benjamin Franklin ya yi ta ja da baya a kan titi don ya auna inda muryar za ta ƙare, ya lissafta cewa mutum fiye da 30,000 za su iya jinsa. Charles Spurgeon ma ya yi wa mutum 23,654 wa'azi a London a cikin 1857, ba tare da wata na'ura ba.

To, amma abin da ake mantawa shi ne, waɗannan mutane nisa suke yaƙi da shi. Wanda yake can ƙarshen fili shi ma yana da rai, dole a kai masa magana. Da lasifika ta zo sai ta ɗauke wannan wahala, amma al'adar ihun ta ƙi tafiya, har ya zama ana kururuwa a cikin abin da aka ƙera don kada a yi kururuwa.

Ko a wancan zamani ma ba kowa ke tsawa ba. Jonathan Edwards, wanda suka yi aikin farkawa a lokaci guda da Whitefield, mutum ne mai ƙaramar murya, ba ya tsalle, ba ya dukan tebur. Amma a wa'azin da ya yi a garin Enfield a watan Yuli na 1741, koke-koken jama'a ne suka rufe muryarsa har ya dakata. John Wesley kuwa, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, ya rubuta wa wani mai wa'azinsa a Amurka wasiƙa a cikin 1775, yana gargaɗinsa da kakkausan lafazi ya daina ihu: ya yi magana da dukan zuciyarsa, amma da murya madaidaiciya. Wesley dai ba wanda zai zarge shi da sanyin jiki, mutumin da ya ƙare ransa a kan doki yana yawon wa'azi.

Illar tsawa daga farkon wa'azi har ƙarshe ita ce, duk magana takan zama ɗaya. In an faɗi hukunci da ihu, aka faɗi gafara da ihu, aka sanar da taron zumuntar mata da ihu, ina mai sauraro zai gane wanda ya fi nauyi? Gwauruwar da ta binne mijinta a makon jiya ta zo ne neman ta'aziyya, ba a kuwa yin ta'aziyya da tsawa ko a zauren gida. Manzo Bulus ya nuna wa Korantiyawa cewa ya gwammace 'yan kalmomi kaɗan da za a fahimta, bisa ga dubbai da ba za a gane ba. Annabi Iliya kuma a kan dutse ya ga iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, sai a cikin wata siririyar murya ya ji Ubangiji.

Wannan ba yana nufin fasto ya riƙa gunaguni a cikin takarda har jama'a su yi gyangyaɗi ba. Shi ma wannan cin amanar na baya ne. Akwai kuma maƙwabta, waɗanda ba su nemi wa'azin ba. A cikin 2016 gwamnatin Jihar Ikko ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda yawan ƙara, abin da ke nuna matsalar ba ta addini guda ba ce.

Ran wata Lahadi wutar lantarki ta ɗauke a majami'ar nan ta Kafancan, janareto kuma ya ƙi tashi. Faston, da yake muryarsa ta riga ta dushe tun daga addu'ar dare, ya sauko ya tsaya a tsakiyar bencina, ya ba da labarin ɗan nan da ya ɓace ya komo wurin ubansa, a hankali, kamar mai hira. Da dattijuwar ta koma gida ta maimaita wa jikokinta wa'azin tun daga farko har ƙarshe, audugarta tana nan a ƙulle. Mako na zagayowa aka gyara janareto.