Danne-dannen autanmu

Duk wanda ya tambayi Ummanmu aikin da autanta yake yi, amsa ɗaya ce: "Yana nan dai, yana danne-danne." Shekara uku ke nan da ya gama karatun kwamfuta a jami'a, ya yi hidimar ƙasa, amma babu ofishin da yake sammako ya tafi. A wurin Umma, aiki shi ne wanda ake saka takalmi a fita, ƙarshen wata a ji alat. Kawunmu ya samo masa gurbi a wata ma'aikata, yaron yana ta jan ƙafa, har magana ta fara tsami a gida.

Na san da yawa cikinmu akwai mai irin wannan ɗa ko ƙane, shi ya sa nake so in faɗa muku abin da na gani a kundin ayyukansa.

Masu haɗa manhajar waya kamar teloli suke. Ba ki taɓa tambayar tela takardar shaida ba, ɗinkinsa kike cewa ya nuna miki. Su ma haka ne. Kowa yana tara abubuwan da ya ƙera da hannunsa wuri ɗaya, ya ajiye rubutun da ya gina su da shi a GitHub, inda mai ɗaukar aiki daga Legas ko Jamus zai buɗe ya duba. Na ƙanena guda biyar ne, kuma babu wanda aka biya shi ko sisi a kansa. Akwai wasan yara da bai ƙarasa ba (gaskiya ba kyau, na gaya masa). Akwai ta lissafin adashi, wadda ya yi wa uwar adashin unguwarmu bayan an yi rigima a kan zubin sati biyu. Tana nuna wadda ta zuba da wadda za ta kwasa, kuma ba ta buƙatar data.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta rigakafi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ya sha jin mitata idan na dawo daga aiki. Uwa takan kawo jaririnta allurar haihuwa, ta dawo a sati 6, da sati 10, da sati 14. Daga nan sai dogon jira har wata 9, lokacin allurar ƙyanda da ta shawara, sannan ƙyanda ta biyu a wata 15. A wannan tazarar muke rasa yara. Ba ƙin rigakafi ba ne, mantuwa ce da hidimar gida, wani lokaci kuma katin ya jiƙe ko ya ɓata a tashin haya. Sai yaron ya dawo mana da zazzaɓi da jajayen idanu, ƙuraje sun feso.

Manhajar ba ta da wani ado. Ki saka ranar haihuwar yaro, ita kuma ta lissafa ranakun, ta tuna miki ana saura kwana biyu, da Hausa. Sunan yaron da ranar haihuwarsa suna zama a cikin wayarki, ba sa tafiya ko'ina. Ya ce da gangan ya yi haka, don bayanan 'ya'yan mutane amana ne da bai shirya ɗauka ba.

A wuri ɗaya muka yi sa-in-sa. Ya ƙara wani sashe da ke lissafa wa uwa yawan farasitamol da za ta ba yaro. Lissafinsa daidai ne, amma maganin yara da nauyi ake auna shi, kuma uwa nawa ce ta san kilon ɗanta na wannan watan? Ƙiyasi za ta yi. Ga shi na ruwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma idan ya yi yawa hanta yake taɓawa. Na ce ya cire. Ya ce, "Haba Yaya, sati uku na yi a kansa." Na ce ko shekara uku ce. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, sannan ya cire, ya rubuta dalilin a kundin nasa.

Daga baya wani kamfani ya kira shi ganawa ta intanet. Ya ce rabin lokacin a kan wannan sashen da ya cire suka yi ta tambayarsa. Sun ba shi kwantiragin wata uku. Ba aikin fansho ba ne, kuma damuwar Umma tana da tushe: kwantiragi yana ƙarewa, wuta tana ɗaukewa, kuɗin data ba ya jira.

Fitar da manhaja ma ba kyauta ba ce. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin mutum ya saka kayansa a Play Store, Apple kuma dala 99 duk shekara, shi ya sa ya tsaya a Android, wadda dama ita ce a hannun yawancin matanmu. Kuma sai da wasu mutane suka gwada ta kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar. Abokan aikina ya bi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, har da shugabar sashenmu, wadda ba ta dariya da kowa.

Ita ce ma ta gano gibin da ya rage. Ta ce matan da suka fi mantuwa da wata 9 ba su iya karatun boko ba, saƙon rubutu bai amfane su da komai. Yanzu murya yake son sakawa, wayar ta yi magana da kanta. Ya ɗauki tawa sau huɗu, ya ce ina yi kamar ina faɗa a ɗakin haihuwa, don haka yana neman wata.