Awa Biyar Zuwa Jidda

Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne ta sama, tafiyar da ba ta cika wuce awa biyar ba. Amma lokacin da muke yara a Yalwawa, cikin Jigawa ta yanzu, tsofaffinmu da shekaru suke auna Makka. Kakarmu tana da wa da ya tafi a ƙasa tun tana budurwa. Ta haddace hanyar kamar ita ta bi ta: Maiduguri, Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Fashir, Hartum, sai bakin Bahar Maliya a Sawakin. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, sannan a ci gaba. Wasu a can suka yi aure suka zauna, irin mutanen Mai Wurno a Sudan. Wan nata bai dawo ba, amma har ta rasu ba ta taɓa cewa ya mutu ba, sai dai ta ce "yana gabas".

Mu kuwa zamanin jirgi muka tarar, amma jirgin na Kano ne. Ko bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, maniyyatanmu sai sun bi ta Wudil zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Kafin ranar, an daka yaji, an yi dambun nama, an zaga dangi gida-gida ana neman gafara, domin al'adar sallamar masu tafiyar ƙasa ba ta bar mutane ba. Motar rakiya takan fi ta maniyyaci cika. Abin dariyar shi ne jiran jirgi a sansani yakan ninka tafiyar kanta sau da yawa. Mutum ya kwana uku a tabarma don tafiyar da zai gama tsakanin azahar da isha. Mu yara abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne da aka ce agogon can ya riga namu da awa biyu. Mun sha musu a kan haka a makarantar allo.

A 2014 aka buɗe filin jirgin Dutse a zamanin Sule Lamido, alhazai suka fara tashi daga gida. Sauƙi ya samu, ba musu, sai dai rakiyar ta zama ta minti kaɗan, kuma kafin a gama wanke kwanukan walima alhaji ya kira ta WhatsApp.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Ashe ko a jirgi, kafin yaƙin, hanyarmu ta zuwa Makka ta Sudan ta bi.