Goro Sai da Shekaru

Tunda mu ne mu, bari in faɗa muku abin da na daɗe ina juyawa a rai. Babu wanda aka haifa da son goro. Ku miƙa wa yaro ɓari ɗaya ku gani, zai yamutsa fuska ya tofar, ya tafi neman rake. Mu ma haka muka yi. Amma yau a cikinmu nan Baturiya, wa zai shiga kwalekwale da sanyin asuba, ko ya kwana gadin shinkafa a fadama, aljihunsa babu goro?

Ni dai aiki ne ya fara haɗa ni da shi. Barci nake son korewa, yunwa nake son dannewa, ina taunawa ina daurewa. Sai wata rana bayan na tauna na kurɓi ruwan randa, na ji wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro wanda ban taɓa sanin yana nan ba. Daga nan harshe ya fara karatu. A hankali na soma bambance fari da ja, na gane cewa girman marsa ba shi ne daɗi ba, na koyi juya ƙwaya a hannu in duba ko sankara ta shige ta tun kafin in fasa.

Daushe kuwa, Malam, kai ka fi mu sani. Sabon goro yana da ruwa da yauƙi, yana kama harshe. Wanda ya shekara a cikin huhu, ana buɗe shi ana sauya masa ganye ana tsince ruɓaɓɓu, shi ne yake yin ƙaras a haƙori, ɗacinsa ya kwanta, ƙamshinsa ya fito. Mutanen Sikotilan, masu giyar nan ta wuski, dokarsu ta ce sai ta yi aƙalla shekara 3 a gangar katako kafin ta ci sunanta, kuma mashayanta na cewa sai da shekaru baki ke gane ta. Mu addini ya raba mu da ita, alhamdu lillahi. Amma haƙurin nan na jiran abu ya nuna, iyayenmu sun san shi a kan goro.

Abin da ke taɓa ni shi ne, ko itace ɗaya na goro ba ya fitowa a ƙasar Haɗeja. Na kurmi ne. Fatake ne suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya, su saro shi a kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau. Lokacin nan abin sarakuna ne da attajirai, balle ɗan Laɓoji na ƙasar Nupe. Jirgin ƙasa ne ya sauko da shi hannun talaka, musamman da layin dogo ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Yanzu daga Shagamu da sauran ƙasar Yarbawa manyan motoci ke sauke shi a kasuwar Mariri ta Kano, kafin ya iso mana. Duk wannan tafiya yake yi don a raba shi a ɗaurin aure da suna.

Yaya, na ga kana kallon 'ya'yanmu. Su lemon gwangwani mai sa kuzari suke sha, zaƙi tun kurɓin farko, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinsa shi ne dai na cikin goro. Ban ga laifinsu ba, shekarunsu ne. Abin da nake tsoro kawai, kada su girma ba wanda ya zaunar da su ya fasa musu daushe, ya ce su tauna a hankali kafin su sha ruwa.

Kai kuma Alhaji, da likita ya ce jininka na hawa, don Allah ka rage. Ɓari ɗaya da hantsi ya ishe ka, na dare kuma ka bar mana.