Da Wane Ido Aka Kalli Attantane?

Duk wanda ya taɓa zazzage tsohuwar adaka a gidajen Attantane, ko Mayahi, ko Tasawa, ya san irin hotunan da ke fitowa daga ƙarƙashin zannuwa. Ga Alhaji da rawaninsa ranar da ya dawo daga Makka. Ga amarya zaune gaban jerenta. Ga saurayi ya dafa rediyo, ya janye hannun riga don agogo ya fito. Sai ƙananan nan na katin ɗan ƙasa da hatimi ya cinye musu rabin kafaɗa. Abin da ba a samu shi ne ƙasar kanta. Babu gonar da ta ciyar da mai rawanin, babu rijiyar da amaryar ta sha jan guga a cikinta, babu dajin da ke tsakanin wannan gari da wancan kafin gatari ya shige shi. In ma an ga wani wuri a bayan mutum, to zanen labule ne: bene mai hawa uku, ko jirgin sama, ko lambu mai furannin da ba su taɓa tsirowa arewa da Gulbin Kaba ba.

Ba rashin son ƙasa ya jawo haka ba. Dalili na farko kuɗi ne. Mai hoton wancan zamani, wanda ke bin kasuwanni da gidajen biki, fim yake saye. Idan Yashica mai ido biyu yake riƙe da ita, wadda ake leƙawa ta sama, ɗauka 12 ke cikin naɗi guda. Idan ƙaramar kyamara ce mai fim na milimita 35, to 36 ne mafi yawa. Kowace ɗauka sai da mai biya, gawo kuwa ba ya biya. Da hoto mai launi ya shigo, sai an aika fim ɗin birni a wanke, Maradi ko ma Kano, a jira direba ya dawo da shi. Sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, har da fim da takardar hoto da ruwan wanki. Wa zai ɓata ɗauka a kan tudun yashi?

Dalili na biyu yana cikin kyamarar. Idon da ake sayar da yawancin ƙananan kyamarori da shi, irin su Pentax K1000 da Yashica FX-3, mai lamba 50 ne, wato milimita 50. Daga hagu zuwa dama abin da yake gani bai wuce digiri 40 ba. Na Yashica mai ido biyu 80 aka rubuta masa, amma da yake fim ɗinta ya fi girma, faɗin ganinsu kusan ɗaya ne. Ido ne da ya dace da mutum. Ka ja da baya taku kaɗan, ka ce "Baba, a ɗan ɗaga kai," ko "Hajiya, kada a motsa," ka samu mutum daga hula zuwa takalmi, hancinsa bai kumbura ba, kafaɗarsa ba ta karkace ba. Amma ka hau tudu da shi ka fuskanci gonaki, yanki kawai zai yanko maka. Idon da ke kwaso faɗi shi ne mai ƙaramar lamba: mai 28 yana ganin kusan digiri 65, mai 24 kusan 74. Irin waɗannan akwai su a kasuwar duniya tun da daɗewa, sai dai a ƙasarmu a jakar baƙi suke: ƴan jarida, masu bincike, da ma'aikatan ayyukan raya karkara.

Shi ya sa in ana neman kamannin wannan ƙasa a da, sai an bi ta hannun baƙo. Tun Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Tasawa a watan Janairun 1851 da alƙalami da littafi, haka abin yake. Mafi amfani a cikin abin da aka bari ma ba daga ƙasa aka ɗauke shi ba. Hukumar taswira ta Faransa, IGN, ta yi ta shawagi da jirgi tana ɗaukar ƙasar Nijar daga sama. Masu binciken Jami'ar Bordeaux da suka yi aiki a jihar Maradi tare da Claude Raynaut sun jera hotunan 1957 kusa da na 1975, suka ga yadda gonaki suka cinye daji da makiyaya cikin shekaru ƙasa da ashirin. Sai dai hoton jirgi ba ya nuna maka yadda ƙasa take ga wanda ke tafe a kanta da jaki. Itace a cikinsa ɗigo ne, gari kuwa tabo.

Waɗanda suka tsaya a kan ƙafafunsu suka ɗauki faɗin ƙasar Sahel, yawancinsu fari ne ya kawo su: na 1973 zuwa 1974, da na 1984, wanda har yau tsofaffi ke kiran yunwarsa El Buhari. A nan ne ya kamata a san halin ido mai faɗi, domin yana da hali, kuma ba ya sauya shi don kowa. Abin da ke kusa da shi yakan kumbura shi, abin da ke nesa ya ƙanƙantar da shi, tazarar da ke tsakani kuma ya miƙe ta. Ka durƙusa gaban mushen saniya da ido mai lamba 24, sai mushen ya cika rabin hoto, itatuwan da ke can baya su koma ƴan ƙwayoyi a bakin sama, tsakaninsu yashi fetal. Kamar ka watsa tiya guda ta gero a kan babbar tabarma ne: hatsin bai ragu ba, amma mai kallo zai ce babu komai. Ban ce an yi ƙarya ba. Farin ya faru, dabbobi sun mutu, mutane sun bar gidajensu. Amma kamannin da duniya ta riƙe na ƙasashenmu, na fili marar iyaka da babu ko inuwa, da hannun gilashin a ciki.

Daga baya ƙasar ta sauya. Manoman jihar Maradi suka koma barin tohon kututture a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su tashi, abin da ake kira sassaben zamani. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, ya fara yaɗa dabarar a 1983, amma hannun manoma ne ya yi aikin, gona bayan gona. Lokacin da Gray Tappan na hukumar USGS ta Amurka ya gwada hotunan jirgi na 1975 da na tauraron ɗan adam na bayan shekara ta 2000, shi da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. To, mai son nuna wannan nasara shi ma da idonsa. Ya ɗauko dogo, mai lamba 200, ya tsaya nesa. Dogon ido yakan tattaro na gaba da na baya ya cusa su wuri guda, sai gawo da kalgo da aduwa da ke warwatse a gonaki biyar su zama kurmi. Gona ɗaya, rana ɗaya, wani ya fito da hamada, wani ya fito da daji. An ce gani ya kori ji, amma a harkar hoto sai an tambayi da me aka gani.

Yau kowa na da ido mai faɗi a aljihu, bai ma zaɓa ba. Babban idon yawancin wayoyi, daga Tecno har iPhone, faɗin ganinsa daidai yake da mai lamba 26 ko kusa da haka a tsohon lissafi. Wasu wayoyin kuma suna da maɓallin 0.5, wanda ke kaiwa wajen digiri 120. Fim ya daina cin kuɗi, ga faɗi ya samu. Sai ka duba abin da samari ke turawa daga ƙauye: sama ta cinye kashi biyu cikin uku, yashi ya cinye sauran, gari kuwa wani siririn zare ne a tsakani, shi ma a karkace.

Gaskiyar ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Attantane ta fi kowace wuyar ɗauka da ido mai faɗi. Turawan da suka rubuta littattafan koyon hoto duwatsu da tafkuna suke da su a rai, abubuwan da ko an ƙanƙantar da su suna nan da girmansu. Ƙasar jigawa ba ta da dutsen da zai jure wannan. Saboda haka, a ganina, mai sayen ido don wannan ƙasa kada ya ruɗu da cewa mafi faɗi shi ne mafi kyau. Mai lamba 35 ko 28 ya isa yawancin aiki, kuma shi ya fi kusa da yadda ƙasar take a ran wanda ya tashi a cikinta. Mai 24 sai da damina, ranar da hadari ya haɗo daga gabas, lokacin da sama ce labarin. Ƙasa da 20 kuwa ba na fili ba ne sam, na matsattsen wuri ne: bakin rijiya inda shanu ke jan igiya, tsakanin rumbuna, ƙarƙashin inuwar itace, ko rumfar kasuwa. Wanda ke da kyamarar zamani mai ƙaramin allon ɗauka, irin ƙananan Nikon, ya ninka lambar sau ɗaya da rabi: 18 ɗin da ke jikin idon da ta zo da shi daidai yake da 27, wato abin da yake nema yana hannunsa tun tuni.

Sauran aikin na ƙafa ne. Ido mai faɗi yana son a matso, a sa wani abu a gaba: damin gero, kututture mai toho, sawun amalanke da ya miƙe zuwa gari. Yana son a riƙe shi daidai, don da zarar an ɗaga bakinsa sama, hasumiyar masallaci za ta kwanta baya. Kada a tsayar da mutum a gefen hoto, fuskarsa za ta baje, ya kuwa yi fushi da gaskiyarsa. Da safe ko da la'asar, in rana na bayanka, duba da kyau, inuwarka na nan a ƙasan hoton. Da hunturu hazo yakan share duk abin da ke nesa, kuma ba lokacin kwance ido a sauya wani ba ne a fili, don ƙurar da ta shiga cikin kyamara ba ta fita da daɗin rai.

Akwai gardamar da dattawa ke yi har yanzu a majalisa: ina iyakar dajin take a shekarun baya, kuma yau itace ya fi yawa ko jiya? Babu hoton gida da zai raba ta. Mai son na baya su samu abin rabawa, sai ya zaɓi wuri guda da ba ya gushewa, kamar bakin rijiyar siminti ko kusurwar makaranta, ya fuskanci gefe guda, da ido mai lamba guda, ya rubuta lambar da ranar. Watan ma ya zama guda, domin gawo da damina yake zubar da ganye ya sake fitarwa da rani. Wanda ya gwada hoton Agusta na bana da na Janairun shekara goma da ta wuce zai rantse itatuwan sun mutu, alhali gero ne ke tashi a ƙarƙashinsu.